Tallafin gwamnati ga ƙananan masana'antu: yana kaiwa ga maƙeran da ke yi musu kaya?

Abdul-Mumin Garba, Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na kawo muku tambayar da ta daɗe tana cin raina, domin na san a cikinku akwai waɗanda suka tsufa a sana'ar ƙarfe, akwai kuma waɗanda suka karanci harkar masana'antu.

Ni ne mai riƙe da littattafan kuɗi a wani ƙaramin kamfani a nan Kumasi wanda ya tsaya a kan abu guda, wato ƙera injinan gurza rogo da na matsar man kaɗanya. Mu ne ke zana injin, mu haɗa shi, mu sayar wa ƙungiyoyin mata a Techiman da Tamale da Wa, amma mafi yawan abin da ke jikinsa ba hannunmu ne ya yi ba. Fuli da gidan boris masu zubin ƙarfe na Magazin, wato unguwar maƙera da makanikai ta Suame a nan Kumasi, su ne ke zuba mana, sandar inji wani mai injin fere ƙarfe ne ke yi, ƙafafun da injin ke zama a kai kuma aikin masu walda ne.

Irin kamfaninmu ne gwamnati ke cewa tana son ɗagawa. Tun da dokar 2020 ta mai da tsohuwar hukumar ƙananan masana'antu, NBSSI, ta zama GEA, ake ta sanar da rance mai sauƙin ruwa da kyautar jari da horo, kafin nan kuma shirin masana'anta ɗaya a kowace gunduma na 2017 ya zo da yafe harajin kwastan a kan injinan da aka shigo da su. Maigidana yana neman irin wannan tallafi, kuma a ganinsa idan muka ƙaru duk mai yi mana aiki zai ƙaru, ya sayi sabon inji, ya koyi sabuwar dabara. Ni kuwa ban gamsu ba, domin na ga kamfanin da ya samu tallafi ya bunƙasa, amma maƙeran da suka yi masa hidima tun yana cikin rumfar kwano suna nan inda ya bar su, wasu ma ya daina ba su aiki.

Ba ƙaruwar ciniki nake tambaya ba. Ina so in san ko tallafin da aka ba kamfani ɗaya yana sa masu samar masa da kaya su soma yin abin da ba su iya ba a da, kuma idan yana sa su, ta wace hanya?

Alhaji Ɗanladi Maizubi, Suame

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka tuna da mu, domin ba kasafai mai riƙe da biro yake tambayar halin mai riƙe da ludayin zubi ba.

Amsata ita ce tallafi yana iya isowa wurinmu, kuma ya taɓa isowa, amma ba ta hanyar da maigidanka yake zato ba. A 1972 jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, wadda yanzu ake kira KNUST, ta kafa cibiyar ba da shawara kan fasaha, a 1980 kuma cibiyar ta buɗe reshe a tsakiyar Magazin, wanda muka sani da ITTU. Injiniyoyinsu suka zauna tare da mu cikin hayaƙi da baƙin mai, suka kawo injinan fere ƙarfe, suka nuna yadda ake gina tanderun narka ƙarfe. Daga nan zubin ƙarfe ya yaɗu a Suame cikin shekarun 1980, har faifan injin niƙa, wanda a da sai an shigo da shi daga waje, ya zama abin da ake zubawa a nan a kai shi ko'ina cikin ƙasa da maƙwabta. A 1987 aka kafa shirin GRATIS don a kai irin wannan aiki sauran jihohi. Abin lura shi ne ilimin ya zo har bakin tanderu, kuma akwai kasuwa tana jira, tun da babu unguwar da ba ta da injin niƙa.

Bari in nuna maka abin da sabon abu yake ci a wurin mai zubi, don ka fahimci dalilin da ya sa ba ma gaggawar canza hannu. Idan kamfaninku ya ce yana son gidan boris mai sabon fasali, sai na fara sa kafinta ya sassaƙa mini samfurinsa da katako, kuma dole ya ɗan fi girman da ake so, domin ƙarfe yana tsukewa idan ya huce. Sai in danna samfurin cikin yashi mai ɗan damshi a akwati biyu, in zare shi a hankali, in buɗe hanyar da narkakken ƙarfe zai bi da kafar da iska za ta fita. Zubin farko da wuya ya fito daidai. Wani lokaci sai an ɗora shi a kan injin fere sannan a ga ramukan iska a cikinsa kamar saƙar zuma, a jefar, a sake. Gawayin da aka ƙona, da wutar lantarkin injin hura iska, da ladan yara, duk daga aljihuna suke fita. Idan na san za a karɓi irin wannan kaya kowane wata har shekara, zan jure asarar gwaji da farin ciki, in ma sa a yi mini samfurin da alminiyam don ya daɗe. Idan kuwa guda goma ne a wuce, gara in ci gaba da zuba faifan niƙa da na saba.

Akwai wani kamfani, ba zan kama suna ba, da ya samu rancen gwamnati ya zo ya ce in gwada masa wani sashe na inji. Na yi ta gwadawa har ya fito yadda suke so, suka yaba, suka tafi da shi. Daga baya na ji an aika da shi ƙasar waje an yo musu kwantena guda. Rancen nasu bai zama laifi ba, amma shi ne ya ba su ƙarfin sayen kwantena, abin da a da ba za su iya ba. Saboda haka idan ka ga maƙeri bai motsa ba bayan maigidansa ya samu tallafi, ka fara duba wa aka ba odar, ta tsawon wane lokaci, kuma yaushe aka biya shi.

Hajiya Rabi Sulemana, Nima, Accra

Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Abin da aka yi maka bai dace ba, kuma ba zan kare shi ba. Amma da yake ni a ɓangaren sayayya nake aiki, a wani kamfanin sarrafa abinci da ya taɓa cin moriyar irin wannan shiri, ina neman izini in faɗi yadda abin yake daga inda muke zaune.

Kamfanin da ya karɓi tallafi ba ya zama yadda yake a da. Banki yana sa masa ido, hukumar kula da abinci da magunguna tana zuwa duba masana'antarsa, idan kuma yana son fitar da kaya waje, mai saye yana aiko da sharuɗɗa masu tsauri. Duk inda abinci zai taɓa a jikin inji ana son ya zama ƙarfen da ba ya tsatsa, a kuma goge waldar ta yi santsi yadda ƙwayar cuta ba za ta samu maɓoya ba. Na sha ganin aikin maƙeranmu wanda na farko ya fito ba shi da aibi, na biyu ya ɗan fi shi faɗi, na uku kuma ramin noti ya kauce. Gwanintar tana nan, amma ana aiki da ido da ƙiyasi, ba da zane da ma'auni ba. Ga kuma maganar takarda: wanda ya ba da rance ba zai saki kuɗi ba sai ya ga takardar farashi daga kamfani mai rajista da lambar haraji, alhali da yawa daga cikin ƙwararrunmu ba su da ko asusun banki da sunan sana'arsu.

Amma babban abin da ke damuna yana cikin tsarin tallafin kansa. Idan aka yafe mini harajin kwastan a kan cikakken inji daga waje, shi kuwa maƙerin Suame yana sayen farantin ƙarfe da sandar walda da boris waɗanda an riga an biya musu haraji a tashar jiragen ruwa ta Tema, to gwamnati da hannunta ta sa kayan waje ya fi nasa araha a wurina. Ni ma'aikaciya ce, kuma za a tambaye ni dalilin da ya sa na sayi mai tsada.

Duk da haka na ga inda abin ya yi kyau. Akwai mai walda da muke ba aikin tebura da kwatamai. Da sharaɗin ƙarfe marar tsatsa ya zo, sai manajanmu ya ba shi rabin kuɗin aiki tun kafin ya fara, ya kuma sa injiniyanmu ya zauna da shi. Da kuɗin ya sayi injin walda mai aiki da iskar agon, ya koyi riƙe shi, yau kuma otal-otal da gidajen burodi ne ke layi a wurinsa. Ba a rubuta wannan a takardar tallafin ba, halin manajan ne kawai, kuma abin da ya dogara ga halin mutum ɗaya ba za a kira shi tsari ba.

Malam Yusif Tanko, Asawase, Kumasi

Ina gaida Alhaji da Hajiya. Ni malamin makarantar koyon sana'a ne, kuma maganganunku biyu ba su saɓa ba, kowannenku ya riƙe gefe ɗaya ne na abu guda.

Ƙasar da ta fi kowa ɗaukar wannan hanya da gaske a zamaninmu ita ce Sin. Tun 2019 ma'aikatar masana'antu ta ƙasar take zaɓen ƙananan kamfanonin da suka ƙware a kan abu guda tana ba su lambar da ake kira ƙananan ƙattai. Sun sa wa kansu burin kaiwa 10,000 kafin ƙarshen 2025, amma a 2023 sun riga sun wuce 12,000. A 2021 gwamnatin ta ware fiye da yuwan biliyan 10 na shekara biyar don tallafa wa sama da 1,000 daga cikinsu, a watan Nuwamban shekarar kuma aka buɗe kasuwar hannun jari ta Beijing domin irin waɗannan kamfanoni su samu jari. Ba a ba da lambar sai an duba abin da kamfani yake kashewa a kan bincike, da haƙƙin ƙirƙirar da ya mallaka, da matsayinsa a kasuwar abin da ya ƙware a kai. Kafin su, Jamus ta daɗe da sanin darajar matsakaitan kamfanonin iyali da ke yin abu ɗaya su fi kowa iya shi, kuma cibiyoyin bincike na Fraunhofer, waɗanda aka fara a 1949, suna yi musu aikin gwaji da ba za su iya ɗauka su kaɗai ba.

Yadda irin wannan tallafi yake gangarawa ƙasa ba asiri ba ne. Kamfanin da aka tilasta wa ya inganta kayansa dole ya matsa wa mai kawo masa sassa, kuma matsin yana zuwa da zane da ma'auni da injiniya mai cewa ga inda aka kauce. Wannan shi ne ilimin da ke ratsawa. Sannan kamfanin da ya samu kuɗi mai sauƙi yana iya biya da wuri, ko ya ba da kafin alƙalami kamar yadda Hajiya ta kwatanta. Haka kuma takardar oda daga kamfanin da gwamnati ta shaida tana ƙara wa maƙeri daraja a idon banki. Sai dai kowace daga cikin waɗannan tana iya juyawa. Matsin da bai zo da koyarwa ba kora ce kawai. Kamfanin da ya yi ƙarfi yana iya danne farashi tun da ya san maƙerin ba shi da wani mai saye, kuma wanda ya narka jarinsa a kan sashen da kamfani ɗaya kaɗai ke buƙata ya zama ɗan amshin shata, ba shi da bakin ƙin abin da aka yanka masa. Mu kuma tuna cewa a Sin mai neman sassa yana samun masu yi da dama a gari ɗaya, kuɗin tallafin yana zagayawa a cikin gida. A nan kuwa hanya mafi sauƙi ga mai kuɗi a hannu ita ce ya yi oda daga can ɗin.

A cikin duka, ni na fi ba maganar biya nauyi, domin ita ce aka fi rainawa. Japan tana da doka, wadda asalinta na 1956 ne, da ta hana babban kamfani riƙe kuɗin ƙaramin ɗan kwangilarsa fiye da kwana 60 bayan karɓar kaya. Dokar Indiya ta 2006 ta sa iyakar kwana 45 ga ƙananan masana'antu. Ku auna wannan da halin da muka shiga a nan: a Disambar 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, a 2023 kuma babban bankin Ghana ya kai kuɗin ruwansa kashi 30. Maƙerin da aka riƙe wa kuɗi wata huɗu a irin wannan yanayi, abin da zai karɓa ba zai sake sayo masa ƙarfen da ya yi aikin da shi ba. Shi ne ya ba da rance marar ruwa ga kamfanin da gwamnati ta tallafa wa, ba tare da an nemi yardarsa ba. Mutumin da ke cikin wannan hali ba zai ware ko sidi ɗaya don gwaji ba.

Issaka Bawa, Akwatia Line, Kumasi

Iyayena, ku ba ni dama in sa baki, domin a ƙarƙashin mai zubi ma akwai wani, wato mu masu tara tsofaffin ƙarafa. A 2013 gwamnati ta hana fitar da tsohon baƙin ƙarfe waje don masana'antun ƙarfe na cikin gida su samu abin narkawa. Wannan ma tallafi ne, amma a wuyanmu aka ɗora shi, domin masu saye sun ragu, sai abin da suka ga dama suka yanka mana. Ban ga wani sabon abu da hanin ya koya mana ba.

Abin da ya canza aikinmu a yadinmu shi ne ranar da wani mai zubi ya ce zai ƙara mana kuɗi a kan kowane kilo idan muka ware masa gangar jikin injin mota da gangar birki daban, ba tare da an cakuɗa da rodi da guntun kwano ba, saboda kamfanin da yake yi wa aiki ya fara mayar masa da kaya. Yaranmu suka koyi gane ƙarfen zubi daga yadda yake karyewa da irin tartsatsin da yake fitarwa a kan dutsen wasa wuƙa. Yanzu kaya a ware suke kafin mai saye ya iso. Alhaji ya fi ni sanin cewa rabin ingancin zubi daga abin da aka zuba a tanderu yake.

Abdul-Mumin Garba, Aboabo, Kumasi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar Malam ta sa na koma kan littafinmu, kuma lallai masu zubi ne muke biya a ƙarshe, bayan albashi da haya da wuta. Zan kai wa maigidana wannan. Amma Malam, idan da za a ba ka dama ka gyara sharuɗɗan tallafin, me za ka sa a ciki? Ina tsoron kada a ce dole a sayi kashi kaza a gida, a ƙare da sayen kaya marar kyau don cika takarda.

Malam Yusif Tanko, Asawase, Kumasi

Tsoronka yana kan hanya, ƙanena. Muna da dokar fifita kayan gida a harkar man fetur tun 2013, akwai irinta a harkar haƙar ma'adinai, kuma kowa ya san yadda wasu ke bi ta bayan gida: a yi rajistar kamfani a Accra, a shigo da kaya daga waje, a buga masa hatimin ɗan ƙasa. Haka nan tsarin haɗa motoci na 2019 ya kawo Volkswagen a 2020 da Toyota a 2021, abin farin ciki ne, amma yawancin sassan a cikin akwati suke isowa, kuma haɗa mota a Tema bai isa shi kaɗai ya sa a fara zuba gangar birki a Suame ba.

Da ni ne, ba zan ƙidaya kuɗin da aka kashe a gida ba, zan ƙidaya sassan da a bara ake shigowa da su, bana kuma ake yin su a nan bisa ma'aunin da aka gwada. Zan sa kamfani irin naku ya nemi tallafin tare da maƙera biyu ko uku da ya ambata da suna, a ware wani kaso na kuɗin ya tafi kai tsaye ga samfuri da kayan awo da asarar gwajin farko, a kuma rubuta cewa samfurin da maƙeri ya wahala a kansa ba za a kai wa wani ba sai da yardarsa da ladansa. Kashi na biyu na tallafin ba zai fita ba sai kamfani ya nuna shaidar cewa ya biya su cikin wa'adin da aka yanka. Yafe harajin kwastan kuma ya haɗa da farantin ƙarfe marar tsatsa da kayan awon da maƙeri zai saya, ba cikakken inji kaɗai ba, don a toshe ɓarakar da Hajiya ta nuna.

Kai kuma ba sai ka jira gwamnati ba. Ku fara ba Alhaji da ire-irensa zane mai ɗauke da awo a rubuce maimakon tsohon sashe a ce a yi irinsa, ku gaya musu adadin da za ku buƙata cikin wata shida masu zuwa, ku kuma kai zubin farko ɗakin gwaji na KNUST ko na hukumar kula da ingancin kaya a auna taurinsa, kuɗin gwajin a kanku. Idan maigidanka ya yarda, ka zo makarantarmu ranar Asabar da zanen gidan boris ɗin, akwai ɗalibaina na ajin ƙarshe da za su iya sake zana shi a kwamfuta kafin ku kai Magazin.